Baƙin Ruwan Ƙarƙashin Gada

Shekarun baya can, lokacin da gadar Yamai ke sabuwa fil, na ɗauko mahaifiyata daga Maraɗi bayan rasuwar babanmu. Ina aikin biro, wato ofis, ita tana gida a unguwar Kirkissoye, ba ta magana, abinci sai na yi da gaske.

Wata rana mun dawo daga kasuwar Petit Marché, ta leƙa ƙarƙashin gada, ta ga wurin ya zama juji, ga wari. Ta ce ƙasa mai kyau haka ake wa wulaƙanci? Washegari ta nemi fartanya.

Wata biyu tana kwasar shara. Ta ja fangali ta gefen da rana ke shiga, ta shuka salati da shu, wato kabeji, da tumatir. Cikin inuwa ta shimfiɗa tabarmi, mata masu wanki suka riƙa zama suna shan iska. Wallahi a wurin na fara jin dariyarta tun rasuwar.

Ran nan wani tsoho masunci ya tsaida kwalekwalensa, ya daɗe yana duban shukar, ya yi magana da Zabarmanci yana nuna ƙafar gada. Ni kuwa gwanin banza, Zabarmancin nawa na cinikin kifi ne. Kalma biyu na kama, "hari bi". Inna ta ce me yake cewa.

"Wai baƙin ruwa na zuwa, Inna."

Ta ce to madalla, mun huta da jan ruwan nan mai laka. A wurinmu ai baƙin ruwa shi ne garau, na sha. Har salati ta ba shi. Ya maimaita, na ce mun ji, Baba, mun gode.

Mu mutanen Maraɗi gulbinmu da damina yake cika, da rani yara na ƙwallo cikinsa. Wa zai ce mana kogi na tasowa tsakiyar sanyi, babu ko ɗigon ruwan sama? Ashe shi tsohon ke nufi, "hari bi" sunan da suke kiran cikar kogi ne, ruwan da ke gangarowa daga nesa bayan damina ta wuce.

Bai zo da hauka ba. Kullum taki ɗaya. Inna ta tare da ƙasa, ta tare da buhuna, ta cire dashe ta matsa sama, ya bi ta. Cikin mako biyu ya kai daidai inda tsohon ya nuna.

Ba ta ɗora mini laifi ba, shi ya fi ci mini rai. Da ruwa ya janye na ce mu sake, yanzu mun san kansa. Ta ce, "Bari, ɗan nan. Na gaji da binne abu."

Ta koma ɗaki, ba ta ga zagayowar shekara ba.

Mutane na cewa kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma har yau raina bai daina ɓaci ba. Kunyar in ce "ban gane ba" a gaban uwata ta hana ni tambayar matan nan, alhali suna zaune kan tabarmarta, duk Zabarmawa ne masu jin Hausa.