Mai auna sabis a ƙasar Gwashi

Shekarun baya, bayan na gama bautar ƙasa na dawo gida Gummi, babu abin da ke raina sai digiri na biyu a fannin sadarwa. So nake in karanci yadda murya ke tafiya a iska daga waya zuwa waya, da yadda kwamfuta ke gyara ta in ta raunana a hanya. Wani malamina na jami'a ya ce mini kowa da takardar sakamako zai je neman gurbi, ni in je da aiki a hannu. "Kana zaune inda sabis ke wahala," in ji shi. "Fita ka auna shi ƙauye-ƙauye, ka rubuta abin da ka gani. Za su saurare ka."

Na ɗauki maganar da zafi. Na haɗa 'yar eriya na ɗaure a kan gora, na sa wata manhaja a wayata mai auna ƙarfin sabis tana ɗiga shi a taswira, kore inda yake kamawa, ja inda babu. Na ari babur ɗin yayana. Da Inna ta gan ni da gora a kafaɗa sai ta ce, "Duk karatun ga, ashe kaɗar mangwaro za ka ƙare da shi?" Ta yi dariyarta ta gama, sannan ta ce, "Ka yi hankali dai. Lokacin ga ba a yarda da baƙo."

Ta yi gaskiya. Lokaci ne da ɓarayin daji suka hana mutane sakat, kuma duk garin da aka shiga, washegari maganar ɗaya ce: akwai infoma, wani ne ya kai musu labari. Ni kuwa gani nake wannan bai shafe ni ba, tunda ɗan ƙasa ne ni, ga kuma boko.

A Anka abin dariya ya fara zama. Wani mai haƙar zinare, baƙo ne daga nesa, ya biyo ni har bakin kasuwa yana raɗa mini in faɗi gaskiya, injin gano zinare ne wannan. Na rantse masa, ya ƙi yarda. Muka rabu yana mini kallon marowaci.

Ranar da na shiga yankin Gwashi, a ƙasar Bukkuyum, ranar kasuwar wani ƙauye ce. Tun da hantsi na lura da wani Bafulatani dogo, da malfa da sanda a wuya. Na tsaya a mashigin rafi na hau wani dutse ina awo, na hango shi ƙarƙashin kuka. Na matsa gaba kusa da gonaki, sai ga shi a bayana, yana yi kamar yana duba ƙasa. In na dube shi sai ya kau da kai. Na ce a raina shi ke nan, ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne, ya ga babur ya ga waya. Na tattara na nufi cikin gari, inda nake ganin akwai jama'a, akwai tsira.

Na zauna wurin mai shayi, ban gama sha ba wasu 'yan sa-kai suka tsaya a kaina, ɗaya da bindigar toka. Babbansu ya ce, "Malam, taso. Mai gari na kira." Ya karɓe wayar da gorar. Muna tafe kasuwa na bin mu da ido, na ji wata tsohuwa ta ce, "Allah shi tona asirinsu." Sai a lokacin na gane da ni take.

A zauren mai gari aka zaunar da ni a ƙasa. Na gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa. Babban 'yan sa-kai ya ce in buɗe wayar. Na buɗe, ga taswira, ga garinsu, ga hanyoyin shigarsa duka, jajayen ɗigo sun kewaye shi.

"Jan ga, mi yake nuhi?"

Na gyara murya irin ta masu ilimi na ce, "Inda babu sabis ke nan."

Ya dube ni, ya dubi mai gari. "Wato inda in an zo muna, ba mu iya kiran kowa."

Ni kaina sai da na sake duban taswirar, na ga abin da ya gani. Watanni ina ɗiga abin nan, ban taɓa tunanin yadda zai yi amfani a hannun mugu ba. Na fara bayani a kan jami'a da bincike, Turanci na shigo mini ba shiri, abin da ya ƙara ɓata lamarin. Na nuna katin bautar ƙasa. Wani ya ce kati kowa na iya bugawa. Suka ce wa ya aiko ni, da wa na yi magana tun safe. Maganar Bafulatanin nan ta zo mini har leɓe, na haɗiye. Ba kirki ne ya hana ni ba, tsoro nake kada a ce tare muka zo.

Mai gari ne ya katse su. Ya ce, "Kai ɗan wa ne a Gummi?" Na faɗi mahaifina, bai san shi ba. Na ce Inna 'yar Bukkuyum ce, ƙaninta na sayar da hatsi a kasuwar can. Ya ɗago kai. Ya san kawuna, sun yi ciniki. Ya ce a kira shi a ji.

To a zauren babu sabis. Haka aka tasa ni gaba, ni da mai gari da 'yan sa-kai da duk wanda ba shi da aikin yi, har wani tudu bayan firamare inda mutanen garin ke zuwa yin waya. Aka sa muryar kawu a fili. Da ya gane abin da ake ciki sai ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga? Wanga ko kaza ba ya iya yankawa. Boko ya cika mai kai, shi ke nan ciwonshi. In ya yi wani abu, ni za a kama." Mutane suka fashe da dariya. Ban taɓa jin daɗin cin mutunci irin na ranar ba.

Mai gari bai yi dariya ba. Ya ce zai sake ni, amma sai na goge garinsu da kewayensa daga wayar a gabansu, domin in an tare ni a hanya an ƙwace ta, su ne a ciki. Na goge, raina na ƙuna. Ya ce, "Gobe in za ka shiga gari, ka fara da ƙofar masu gari."

Bayan la'asar na kama hanya. Ina fita gari, daidai wata kwana, sai ga Bafulatanin nan tsaye a bakin hanya ya ɗaga hannu. Yashi ne wurin, babu halin gudu. Na tsaya, ƙafata ɗaya a ƙasa.

Ya yi sallama daga nesa, bai matso ba. Ya ce, "Malam, kai na gwamnati ne?" Na ce a'a. Ya yi ajiyar zuciya. Ashe tun safe ya ɗauka jami'in tsaro ne ni, na zo ina sa wa rugagensu alama, shi ya sa yake bina ya ga inda zan nufa. Sai a kasuwa ya ji ana cewa sabis nake aunawa. Matarsa na da tsohon ciki. Haihuwar baya sun rasa ɗan, domin ba su sami yadda za su kira mai babur ba. Tudun bayan firamare ya yi musu nisa, kuma yanzu in suka shiga gari ba ranar kasuwa ba, kallon da ake musu ya ishe su. Tambayarsa ɗaya ce: ko akwai inda waya ke kamawa kusa da rafi?

Taswira ta tafi, amma ban manta ba. Na ce dutsen nan na mashigi, inda ya gan ni da safe, ya hau can samansa ya fuskanci gabas. Ya karɓi lambata ya ce zai gwada. Muka rabu kowa na waiwayen ɗan'uwansa.

Bayan wasu makonni, ina tsakiyar shirin ganawa da malaman jami'ar, wata baƙuwar lamba ta yi ta kirana tana katsewa. Na ƙi ɗauka. A lokacin, baƙuwar lamba na iya zama masu cewa a kawo kuɗi ko a zo a ɗauke ka. Inna ta gaji ta ce, "Ɗauka mana, mutuwa ba ta waya take zuwa ba." Na ɗauka. Iska na kaɗawa a ciki, muryar na yankewa, amma na ji shi. "Malam, ina bisa dutse. Ta sauka lafiya. Mace." Kafin in ce barka, layin ya yanke.

Na sami gurbin. A wurin ganawar sun tambaye ni dalilin da ya sa taswirata ke da rami a tsakiya, na ba su labari, muka fi daɗewa a kansa fiye da lissafin da na kwana biyu ina haddacewa. Tun daga nan, duk aikin da zan yi sai na fara tambayar kaina hannun wa zai iya faɗawa.

Ban riƙe kowa a zuci ba. Mutanen garin sun binne 'yan'uwansu, suna da hujjar zargina, ni ma kuma ai zargin na yi wa wanda bai yi mini komai ba. Abin da ke damuna shi ne tsoron bai gama fita daga jikina ba. Har yau in baƙuwar lamba ta kira ni, sai gabana ya faɗi. Amma ina ɗauka.