Kawu da Molon Turawa

Jiya na saka wani tsohon memori a waya, sai ga kiɗan nan ya tashi. Haushin Kawu ya dawo mini sabo fil, shi kuwa yana kwance a maƙabartar Gummi.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta tura mini shi a Anka, lokacin da ake maganin gubar dalma. Faifan farko ne na wasu samarin Amurka masu goge da jita da wani molo da suke kira banjo. Babu ganga ko ɗaya. Kowa ya ja nasa da gudu, ya sakar wa na gaba.

Tsautsayi ya sa na kunna shi gaban Kawu, tsohon makaɗin molo. Shi ke nan, wayata ta zama tasa. Da la'asar zai zauna kan buzu, baki jawur da goro, ya rungume molonsa yana bin su, suna tsere masa.

"Maido baya! Yaran ga na da hannu, amma wa ka korar su?"

In maido, ya sake, har caji ya ƙare. Yarinyar da nake nema ta yi ta kira tana samun wayar a kashe, har ta yi fushi. Da na samo masa sabon faifansu mai ganguna da jitar lantarki, tsaki ya ja.

"Sun ƙoshi. Sa min na lokacin yunwa."

Har ya rasu bai cim musu ba, bai kuma fasa ba. Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya saukar da kai inda ba mai ce maka caji ya ƙare.