Akushin da Na Ɗauke

Jiya wani ɗan siyasa yana magana a rediyo, tun bai kai ƙarshe ba na kashe. Sai na tuna Bappa, ƙanen mahaifina, da maganarsa ta kullum: "Bar shi ya gama."

Bayan samun 'yancin kai, magidantan layinmu a unguwar Dubeli kan kawo akusansu zaurensa a ci tare. Jam'iyyarmu ɗaya, ban da wani tela, Malam Sale, mai cewa a kwashe sarakuna a zuba a kogin Binuwai. Bappa bai taɓa yarda da shi ba. Amma yakan tura masa miyar kuka gabansa, ya saurara yana jan carbi, sannan ya ba shi amsa.

Wata rana na miƙe na ce, "Bappa, ko shi ko mu."

Ya ce, "Zauna, tuwonka zai huce. In ka rufe masa baki, wa zai gaya masa ya yi kuskure?"

Na kira shi munafuki. Na ɗauke akushina, na bi gida-gida har kowa ya ɗauke nasa. Shekara biyu ina hango su, su biyu a tabarmar mutum goma, suna gardama. Jam'iyyar da na yi dominta, rana ɗaya soja suka rushe ta.

Da Bappa ya rasu, Malam Sale ne ya yi masa wanka. Ni ina tsaye a waje, ban nemi gafararsa ba.

Allah ya haskaka kabarinsa. Ranar da za mu haɗu, Allah ya sa ya bar ni in gama.