Maganin da Ya Bi Baba Cikin Ruwa

Shekarun baya, a wata damina, ƙafafun mahaifinmu suka ci ruwa. Tsakanin yatsunsa ya yi fari fat ya tsattsage, sai ya dafa bango yake isa masallaci. Ga shi lokacin dashen shinkafa ne a fadamarmu ta bakin tafki, can wajen Ngaski. Iri ya isa cira, in ya wuce lokaci kuwa shekarar ta tafi ke nan.

Inna takan daka bagaruwa ta shafa masa, ya ɗan ji dama. Amma da ya shiga ruwa sai ta wanke tas, ya dawo yana ɗingishi.

Ana cikin haka yayata ta zo hutu. Harhaɗa magunguna ta karanta, tana aiki a birni. Ta duba ƙafar, ta ce ya huta da shiga ruwa.

"Uwata," in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "shinkafa ba ta san hutu ba. In ban shiga ba, mi za ku ci bana?"

Na ɗauka za ta zuge jaka ta fito da ƙwayoyi. Sai ta ce maganin Inna ba shi da laifi, zama ne kawai ba ya yi. Ta miƙo mini kwandon bagaruwa da taɓarya. Ƙato da ni, da gemuna da iyalina, sai ga ni a gindin turmi, matan gida suna ta sheƙa dariya.

Kafin in fara daka, sai da ta tsince masu fumfuna ta zubar. Garin ta jiƙa shi a tafasasshen ruwa, ta tace da farin ƙyallen da ta dafa, ta sake tacewa har ya fito garau kamar shayi. Sannan ta ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi don kada ya ƙone, ta zauna tana gadi har ya ƙafe. Ɗan abu ja-ja ya rage a gindin kwano.

Na ce, "Haba Yaya! Duk dakan da na sha, wanga ne sakamakon?"

Ta ce, "Wanga shi ne maganin. Sauran duk 'yan rakiya ne."

Ta narka man kaɗe da kakin zuma, ta zuba ɗan abin nan ja-ja a ciki tana juyawa har ya daskare. Ta shafa a hannunta ta tsoma a bokiti, ya wanke. Sai ta ƙara kaki. A karo na gaba ruwan ya riƙa gangarewa ta kansa. Ta wuni da shi a hannu don ta tabbatar ba ya ƙaiƙayi, kafin ta bari ya taɓa Baba. Ta kuma kafa masa sharaɗi: in ƙafa ta kumbura, sai asibitin Yelwa, babu gardama.

Ba a je Yelwa ba. Ranar da aka gama dashe, Baba ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafafu gabanta yana buɗe yatsu, duk sun kame. Mutumin da bai iya yabo ba, sai ga shi ya ce, "Allah shi yi miki albarka."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba ta raina maganin Inna ba, ba ta kuma tsaya ja-in-ja da taurin kan Baba ba. Ta dubi inda abin ya gaza ta gyara nan kaɗai. Wallahi ta burge ni, amma ban taɓa gaya mata ba, kun san halin ƙane. In ta karanta wannan, to yau ta ji.