Tafkin da Ban Zuba wa Magani Ba

Litinin: Birnin Kebbi zuwa Argungu

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina sallame salla, Bawa direba ya tsayar da a-kori-kurarsa a ƙofar gidanmu. Maƙwabcinmu ne, kullum Argungu yake lodi. Muka ɗora jarka biyu na maganin kashe tsutsar sauro da famfon feshi a baya, muka ɗaure su da igiya. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ni kuma wata huɗu ke nan da fara aikin duba-gari. Labari ya iso ofishinmu cewa zazzaɓi ya kwantar da yara a wani ƙauyen masunta a hayin gulbi, har an rasa biyu. Maigidana a wurin aiki ya ce tafkin da ke bayan ƙauyen ne matattarar sauro, in je in juye masa maganin duka, in dawo ranar Laraba.

Ni kaina ban daɗe da tashi daga zazzaɓin ba. Ƙwayoyin da na sha sun bar mini ƙara a kunne, duk abin da aka faɗa sai in ji shi kamar daga wani ɗaki. Muka wuce Gwadangaji gari bai gama wayewa ba. A Ambursa, wajen shida da kwata, 'yan sanda suka tsayar da mu a shinge, ɗaya ya shinshina jarka ya tambaya ko fetur ne. Na nuna masa takardar ofis, ya yi mini fatan alheri. Daga nan hanya ta bi gefen fadama. Ƙarshen damina ne, ruwa ya fara ja, shinkafa ta yi ciki, hazo ya kwanta a kanta har ba a gane inda gona ta ƙare sama ta fara. Na yi ta gyangyaɗi ina farkawa. Na tuna wata mata ta sauka a Alwasa da kaji, amma har yau ban tabbata ba ko a mafarki na gan ta.

Bakwai da rabi muka shiga Argungu. Na sha kunu da ƙosai a tasha, Bawa ya kai ni har bakin gulbi ya haɗa ni da mai jirgin fito. Ƙetarewar ba ta fi minti ashirin ba, amma ruwan ya yi laushi, jirgin kamar ba ya motsi, gaɓar ce ke tahowa.

Ƙauyen masunta

Mai gari ya sauke ni a gidan Baba Tunau, tsohon masunci wanda shi ke kula da tafkin, shi ke cewa a shiga ko a dakata. Matarsa Inna Ige bandar kifi take yi. Ɗaya daga cikin yaran da aka rasa jikarsu ce. Na yi musu ta'aziyya, aka kawo fura, sannan Baba Tunau ya dubi jarkokin ya tambayi abin da ke ciki. Na gaya masa. Ya tambaya ko kifi zai tsira. Na san amsar, don an koya mana a makaranta cewa ƙananan kifi ba sa tsira, sai na ce wasu za su mutu.

Ya murza gemu. Ya ce tafkin nan shi ke riƙe su daga janyewar gulbi har faɗuwar ruwa, duk ɗiyan kifin da ambaliya ta bari a nan suke girma. Inna Ige kuwa daga bakin murhu ta ce ita in dai maganin zai hana a sake ɗaukar wata yarinya, a zuba, kifin ya ƙare. Ban san wanda zan kalla a cikinsu ba.

"Ɗana," in ji Baba Tunau, "ba ni hana ka aikinka. Amma ka ba ni wuni guda. In ka ga abin da ni ka gani, sannan ka ce zubawa za ka yi, ni da hannuna zan riƙa maka jarka."

Bayan azahar muka je. Tafkin ya kai faɗin filin ƙwallo biyu, gefensa kainuwa da bado. Na yi yadda aka koya mana, na riƙa ɗiban ruwa da ludayi daga gefe-gefe ina dubawa. Na zagaya rabin tafkin, tsutsar sauro uku kawai na samu. Baba Tunau ya sa hannu ƙarƙashin kainuwa ya fito da wani mummunan ƙwaro ruwan ƙasa, mai manyan idanu, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Ya sa shi a ƙwarya, ya aika aka ɗebo ruwa daga wani tsohon jirgi da aka yar a bayan gida, ruwan yana tafasa da tsutsa. Muka tsuguna. Ƙwaron ya lafe a gindin ƙwaryar kamar matacce. Da tsutsa ta gifta, sai wani abu ya fito daga ƙarƙashin bakinsa ya cafke ta ya koma, da sauri har na zaci idona ne. Ya sake. Kafin la'asar ruwan ya kusa zama fes.

Na tambayi sunansa. Ya ce in bari sai gobe, ƙwaron zai gaya mini da kansa. Da magariba aka ba ni tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, na kwanta a zaure da wuri, jikina da ɗan zafi.

Talata: a kan ruwa

Shida saura kwata muka shiga ƙaramin jirgin Baba Tunau. Bai yi tuƙi ba, ya dai tura da gora sau ɗaya ya bar mu muna shawagi. Tururi na tashi daga ruwan. Wasu ƙwari masu dogayen ƙafafu suna tafiya a kan fuskar ruwa ba sa nutsewa, kowace ƙafa da ɗan lotsawarta. Wasu baƙaƙe ƙanana suna ta kewaya juna, in inuwar jirgi ta taɓa su sai su watse, su sake haɗuwa. Ƙarar kunnena ta ɗauke, ko kuwa ta shige cikin shirun wurin, ban sani ba.

Ya nuna mini karan ciyawa. Irin ƙwaron jiya ne ya hau ya maƙale. Ina kallo bayansa ya tsage, wani abu fari-fari mai laushi ya fara fitowa, ya rataye da kai ƙasa ya huta, sannan ya miƙe ya kama tsohuwar rigarsa. Fukafukansa a cukuikuye suke kamar jiƙaƙƙen ƙyalle, suka riƙa buɗewa a hankali. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Rana ta taɓa shi, ya yi rawar jiki, ya tashi. Mazari ne, wanda nake gani tun ina yaro ban taɓa tambayar inda ya fito ba. Da na ɗaga kai sai na ga kusan kowane kara da irin rigar nan a rataye, sama kuwa ta cika da su, ja da shuɗi, suna kaiwa da komowa.

"Cikin ruwa shi na cin ɗiyan sauro, bisa iska shi na cin uwayensu," in ji Baba Tunau. "In ka kashe wanga, wa ka bari?"

Muna fita na ɗauki ludayina na bi ƙauyen gida-gida. Tsutsar tana cikin ramukan da aka haƙi ƙasar gini, da sawun shanu a mashaya, da fasassun tukwane, da jirage huɗu da aka yar ruwan sama ya cika su. Babu kifi a wuraren nan, babu ɗan mazari. Mai gari ya tara maza aka kife jiragen, aka cike ƙananan ramuka, ni kuma na fesa magani a manyan. Rabin jarka ɗaya ya ishe ni. Inna Ige ta tsaya tana kallo har aka gama. Ta ce in rantse mata wannan ya isa. Na ce ba zan iya rantsewa ba, abin da na gani da idona kawai na bi. Ta juya ta koma wajen bandarta, ba ta sake yi mini magana ba har na tafi.

Laraba: komawa

Ƙarfe bakwai Baba Tunau ya ƙetarar da ni gulbi da kansa zuwa Argungu. Bawa ya ɗaga jarkokin ya ji nauyinsu, ya dube ni, ya ɗaure su a baya. Tara da rabi muka tashi, taya ta yi faci kafin Ambursa, sai sha biyu saura muka shiga Birnin Kebbi. Na wuce ofis kai tsaye.

Maigidana ya saurare ni har ƙarshe yana juya biro. Ya ce ba kallon ƙwari aka aike ni ba, kuma in aka sake rasa yaro a ƙauyen, sunana zai rubuta. Ya mayar da ni duba mahauta har wata uku. Jarkokin kuwa ya sa aka kai sito, bai sake aika kowa da su ba.

Na isa gida bayan azahar, mahaifiyata ta taɓa goshina ta ce zafin ya sauka. Makonni na yi ina tsayar da Bawa kowace yamma ina tambayarsa labarin hayi. Har sanyi ya shigo ba a kawo labarin rasuwa ba. Ko aikinmu ne, ko janyewar damina ce, Allah ne masani. Na gode masa da ya kai ni lafiya ya dawo da ni, na gode wa Bawa da mai gari da Baba Tunau. Inna Ige ma na gode mata, don tambayarta ce ta hana ni sakin jiki, kuma tana da gaskiyar yin ta.