Abokan Wasa Masu Nukiliya

A shekarata ta farko a garin Greensboro na Amurka babu wanda ya zage ni ko sau ɗaya, kuma wallahi abin ya dame ni. Ni Bakano ne. A gida maƙwabcina Bazazzagi ne, kullum da safe sai ya leƙo ta katanga ya ce, "Bawana, an tashi? Zo ka wanke mini mota." Ni kuma in ce Bazazzagi da mota ai sai dai ta aro. Nan kuwa kowa sai murmushi ya wuce. Na baro mata da 'ya'ya a Kano na zo digiri na uku da furfurata, in na dawo daga jami'a ba mai ce mini ko ci kanka.

Da shekara ta kewayo na koma wani gidan haya a East Greensboro tare da ɗalibai biyu, Ba'indiye a ɗakin sama, ɗan Pakistan a na ƙasa. Dukansu 'yan Punjab ne, yarensu ɗaya, garuruwansu na kusa da iyaka, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Ran Lahadi tare suke girki, ni nawa kawo yaji da baki.

A teburin nan na koyi yaƙi. Da an share kwanuka sai a ɗauko zancen Kashmir. Kwalbar gishiri ta zama dutse, cokula su zama koguna, wuƙar burodi ta zama layin da ya raba sojojinsu. Ba'indiyen ya ce wanda ke kan dutse shi ke ganin hanyar na ƙasa, don haka ba mai sauka ko ƙanƙara za ta kashe shi. Ɗan Pakistan ya ja cokali ya ce ruwan da gonakinsu ke sha ta hannun maƙwabci yake biyowa, wa zai yi barci a haka?

"Mu mun yi alkawari ba za mu fara jefa nukiliya ba," in ji Ba'indiyen.

"Don kun fi mu yawan soja ne," in ji ɗan Pakistan. "Mu in muka yi wannan alkawari, me zai hana ku shigowa?"

Na ce, "Kai, ku dai kar ta san kar ne. Amma ni a ganina ku abokan wasa ne ba ku sani ba." Na ba su labarin yadda Kano da Zazzau suka gwabza a zamanin da, yau kuma jikokinsu ba abin da ya rage sai tsokana, kowa na cewa ɗaya bawansa ne. Da Hausa na koya musu kalmar "bawana", don a unguwar da muke, ta baƙaƙen fata waɗanda aka sayar da kakanninsu da gaske, ba maganar da za a faɗa da Turanci ba ce.

Ai kuwa suka karɓe ta hannu bibbiyu. Sai ka ji daga sama, "Bawana, shayi!" Na ƙasa ya amsa, "Sauko ka haɗa wa ubangidanka!" Har ni suka haɗa, wai ni bawan ƙasashen biyu ne. Rabon da in ji daɗin zama irin na lokacin tun ina gida. Har kiran Bazazzagina na rage, don na samu madadinsa biyu.

Wata bazara aka kai hari a Kashmir, aka kashe mutane, kafin ka ce kwabo an fara ɓarin wuta ta kan iyaka. Ƙanin Ba'indiyen soja ne a can. Mahaifiyar ɗan Pakistan kuma ta kwashe jikoki ta bar ƙauyensu. Kowa ya shige ɗaki da wayarsa. Ban ji sun yi cacar baki ba, da sun yi ma da sauƙi. Kawai dai in wannan ya ji motsin wancan a kicin sai ya jira ya fita.

Na yi abin da na iya. Ran Lahadi na dafa shinkafa dafa-duka, na buga wa kowa ƙofa. Kowannensu ya fito, ya yi godiya da ladabi, ya zuba, ya koma ɗakinsa. Na zauna ni da kwalbar gishiri na ci nawa.

Da aka tsagaita wuta na tare ɗan Pakistan a bakin mota. Na ce, "Haba ɗan'uwa, manyan sojojinku ma sun yi waya da juna. Ku me kuke jira?"

Ya ce, "Malam," haka suke kirana, "ku sai da kuka gama yaƙinku kuka fara wasa. Mu ba mu gama ba."

Na matsa gefe, ya shiga mota. Haka muka ci gaba, mutum uku a gida ɗaya kamar baƙi a tashar mota.

Ba'indiyen ya kammala karatu, ya samu aiki a wata jiha. Ni na taya shi loda kaya, labulen ɗakin ƙasa a sake. Da ya tayar da mota sai ya sauke gilashi ya ce, "Ka ce wa bawana na 'yanta shi."

Na ce, "Subhanallahi, ba a yin haka! Abokin wasa ba ya 'yanta ɗan'uwansa sai kabari." Ya yi murmushi, ya ja motarsa.

Na sami ɗan Pakistan yana soya albasa, na isar da saƙo. Ya daɗe yana juya cokali har ta fara ƙonewa. Can ya ce, "Ni ban 'yanta shi ba." Na ce to ya kira shi ya faɗa masa mana. Ya kashe wuta, ya ɗauki kwanonsa, ya shige ɗaki.

Na fita baranda na kira Bazazzagina, ina ƙishirwar a zage ni. Wayar ta daɗe tana ringi kafin ya ɗauka.

"Ranka ya daɗe, Dakta! Ina wuni? Ya Amurka?"

Na ce, "Kai, wane Dakta? Ubangidanka ne fa."

Ya ɗan yi dariya irin ta girmamawa, ya ce, "Allah ya ƙara ɗaukaka, Dakta. Iyali duk suna lafiya."