Kunnena na Hagu

Wata ranar Laraba ce, a bazarar shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira. Ina da shekara shida, ina zaune a tsakar gidanmu na Roni ina tsince wake a faifai. Ban jima da tashi daga ciwon ƙyanda ba, jikina duk ya yi saɓa, wuyana kamar sillen kara. Kakata Iya Hanne, mahaifiyar Baba, ta lallaɓo ta bayana da tasar ƙarfe, ta sake ta a kan dutsen niƙa. Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya, ni kuwa wani ɗan sauti kawai na ji kamar daga bayan gari, ko waiwayawa ban yi ba. Sai da ta zagayo ta hagu ta ƙwala mini kira sannan na ɗago. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji: "Na dama ya tafi, na hagu da saura. Daga yau mai magana da Binta ya biyo ta hagu."

Maganar nan ta zama doka. In Inna tana son aikena, sai ta gangaro ƙwallon goruba ya taɓa ƙafata. In na kai fura gona, Baba hularsa yake ɗagawa daga cikin gero in san inda yake. Ba a ɗauke mini aiki ko ɗaya ba. Da ni ake surfe, da ni ake roron gyaɗa da ɗebo ruwa. Da yamma in mun fita gaɗa, ƙawata Jummai, 'yar maƙwabtanmu, takan tsaya a haguna tana zuba mini waƙar a kunne, ni kuma ina bin tafin 'yan mata da ido. Sau da yawa nakan ji baitin a karkace in rera shi haka nan da dukkan ƙarfina, su yi ta dariya har su zube ƙasa, washegari kuma in tarar nawa baitin kowa ke yi. A hankali na iya karanta leɓe, har ta kai matan gida ba su da sirri. Da zarar biyu sun haɗa kai a bakin murhu suna raɗa, sai Iya ta ce, "Ku sa gyale a baki, ga Binta can tana kwashewa."

Abin da ba mu gane ba shi ne yadda kunnen ke taɓa sauran jikina. Jiri yakan kwashe ni ina tsakiyar tafiya; tulu uku na fasa a damina ɗaya. Kunnen yakan yi ruwa, zazzaɓi ya biyo baya. In an yi suna ko biki na wuni cikin hayaniya ina ƙoƙarin kama magana, sai in dawo da ciwon kai, in ƙi cin tuwo. Kowace baƙuwa da nata maganin: wannan ta ce man shanu mai ɗumi, waccan ta ce ruwan albasa, wata ta zura mini gashin kaza. Da Iya ta gaji, sai ta sa Baba ya ɗauke ni a motar kasuwa zuwa asibiti a Kazaure. Malamin asibitin ya haska kunnen, ya ce, "Malam, kunne ba ji kaɗai yake yi ba, shi ke daidaita mutum a tsaye." Ya rubuta allura da maganin ɗigawa, ya hana zura komai, ya hana ni wankan kududdufi. Muna fita ya ƙara da cewa kada a bar ni ina zama ni kaɗai, don yaron da aka daina yi wa hira, zuciyarsa ma ciwo take yi. A hanyar tasha Baba ya saya mini rake, na sha shi ina kallon duwatsun garin. Kafin kaka ruwan kunnen ya tsaya, na yi kumatu.

Da aka buɗe karatun firamare kyauta, aka sa mu ni da Jummai. Saboda tsawona aka ajiye ni a layin baya. Malam Sule, malamin ajinmu, yakan yi bayani fuskarsa na kallon allo, wata rana ya kira ni sau uku ban amsa ba. Ya ɗauka raini ne, ya aika wa Baba cewa ba na gane komai. Baba ya ce to in zauna a gida. Na shige bayan rumbu na yi ta kuka. Washegari Iya ta yafa mayafinta, ta dogara sandarta, ta tasa ni gaba har aji. Ta wuce can baya ta tsaya, ta juya wa Malam ƙeya, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Iya, ban ji ba," in ji Malam Sule cikin ladabi.

Ta juyo. "To ɗana, haka ita ma take zaune tun safe har azahar."

Malam ya sunkuyar da kai, ya ce, "A gafarce ni, Iya." Da hannunsa ya dawo da ni layin gaba, ya sa kunnena na hagu yana fuskantar teburinsa. Ƙarshen zangon na zo ta uku, Iya ta yanka mini zakara. Daga baya ni ma koyarwa na yi har na yi ritaya.

Yanzu ina da 'yar na'urar ƙara ji da ɗana ya sa aka gwada mini a Kano. Ina jin saukar yayyafi a kan kwano, ina jin jikokina suna gulmata a zaure. Jiri ya ragu, ina zuwa awon jini a kan kari. Sai dai gidanmu na Roni an raba shi da katangun bulo, kowa ya ja ƙofarsa, Iya kuma ta rasu tun kafin a san irin wannan na'ura a wajenmu. Ina tuna kowace tsaga a fuskarta da yadda leɓenta ke motsi in za ta tsokane ni. Muryarta ce kawai ban samu na riƙe ba.